Wa Ya Tsinko Tumatirin da Ke Cikin Miyar?

A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ina rubuta shafin girki na mako-mako a wata jarida. Aikin ba shi da wuya. Wannan makon miyar taushe, na gaba alkubus, in azumi ya matso a koma kan kunu da ƙosai. To, a shekarar nan tumatir ya gagari talaka. Matan unguwarmu suka koma kauɗa, wasu kuma su markaɗa karas da tattasai su ce miya ce. Sai na ga rashin ta ido ne in zauna ina rubuta "ki samu manyan tumatir guda goma", alhali goman nan sun fi ƙarfin kuɗin cefanen gidan gaba ɗaya.

Na hau mota na tafi Kwanar Gafan na wuni. Kasuwar da a da sai kana tsallake kwanduna, ranar fili ne fetal. Wani dattijo ya ja ni gonarsa, ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga mini shi a rana, ya nuna mini farar hanyar da tsutsar ta bi a cikinsa, kamar an zana da allura. Ya ce bashi ya ci na taki da na magani, ya yi feshi har ya gaji da ƙirgawa. Yaran da ke tsinka da masu ɗaukar kwando suna zaune a gindin bishiya, ba aiki ba sisi. Na dawo na rubuta abin da na gani, na haɗa da tambayar da ta dame ni: yaya aka yi bara war haka ake zubar da tumatir a bakin titi don ba mai saye, bana kuma sai na leda muke ci, wanda akasarin markaɗensa daga waje ake shigo da shi?

Editan ya karanta, ya miƙo mini takardun da murmushi. "Hajiya, wannan ai na shafin kasuwanci ne. Ki tsaya a kan girkinki. Mata ba sa son tashin hankali a shafinsu." Da na sauke ido kan shafin nawa na makon da ya wuce, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi da kyau ba: kashi ɗaya cikin uku na shafin tallan tumatirin leda ne. A makon na rubuta yadda ake dambun shinkafa.

Ban yarda da shi ba a ranar, har yau kuma ban yarda ba. Amma sai daga baya na samu wadda zan kafa hujja da ita, wata Ba'amurkiya mai suna Ruth Reichl, wadda ta shugabanci mujallar abinci ta Gourmet daga 1999 zuwa 2009. Rayuwar aikinta amsa ce ga maganar editan nan nawa, kodayake amsar ba ta zo da daɗi duka ba, kamar yadda za a gani.

An haife ta a birnin New York a 1948. Mahaifinta Bayahuden Jamus ne, sana'arsa tsara fuskar littattafai. Mahaifiyarta kuwa, yadda ita Ruth ɗin ta ba da labari, mace ce da ba ta san abinci ya lalace ba. In ya yi fumfuna sai ta kankare saman ta kawo wa baƙi. Yarinyar ta tashi tana tsaye kusa da tebur tana yi wa baƙin da take so raɗa kada su taɓa kaza, kada su ɗebi kaza. Wato tun kafin ta san akwai wata sana'a ta ɗanɗana abinci a rubuta, aikinta na farko a duniya shi ne kare mai ci daga mai dafawa. Ina ganin duk abin da ta yi daga baya wannan aikin ne ta ci gaba da shi.

Ta yi karatun tarihin zane-zane a Jami'ar Michigan, ta fitar da ɗan littafin girkinta na farko a 1972, sannan ta koma Berkeley ta jihar Kalifoniya, inda ta yi girki a wani gidan abinci mai suna Swallow da ma'aikatansa suka mallaka tare. Daga nan ta shiga rubutu, ta kama aiki da jaridar Los Angeles Times a 1984, a 1993 kuma New York Times ta ɗauke ta ta zama mai yi wa gidajen abinci hukunci.

Wannan kujera tana bukatar bayani, don mu ba mu da irinta. Mai riƙe da ita yakan je gidan abinci sau uku ko fiye, jarida ce ke biyan kuɗin, sannan ya rubuta ra'ayinsa ya ba da taurari, daga babu zuwa huɗu. Tauraro ɗaya da aka ƙara ko aka rage yana iya cika gida da masu ciniki ko ya kwashe su. Saboda haka masu gidajen abinci suna farautar fuskar mai hukuncin. Ruth ta ce tun a jirgin da ya kawo ta New York matar da ke zaune kusa da ita, wadda ke aikin kai abinci tebur, ta gane ta, ta gaya mata an riga an manna hotonta a ɗakunan girkin birnin.

Sai ta yi dabara. Ta sayi gashin kanti, ta nemi wata tsohuwar ƙawar mahaifiyarta mai koyar da wasan kwaikwayo, ta yanki katin banki da wani suna, ta zama Molly, tsohuwar malamar makaranta daga Michigan, mai sutura ta mutunci amma wadda ba ta ɗaukar ido. Da wannan kama ta shiga Le Cirque, gidan abincin manya, mai taurari huɗu a lokacin. Aka bar ta tana jira wajen minti 45 duk da ta kama wuri tun da wuri. Aka kai ta wani lungu cikin masu shan taba bayan ta ce ba ta so. Tana cikin duba takardar abin sha aka zo aka zare ta daga hannunta za a kai wa wani teburin. Daga baya ta koma da fuskarta ta ainihi. Mai gidan, Sirio Maccioni, ya keto taro ya kamo hannunta, ya gaya mata Sarkin Sipaniya yana can yana jira amma ita teburinta a shirye yake. Har 'ya'yan itacen da ke kan kek ɗin da aka kawo mata bayan an gane ta sun fi na da girma.

Abin da ta rubuta a 1993 ya zo kashi biyu: yadda ake ci a gidan in ba a san ka ba, da yadda ake ci in an san ka. Ta kuma cire tauraro ɗaya.

Wani zai ce wannan ai ba labari ba ne, kowa ya san mai kuɗi abokin sarki ne, ko a gidan biki ba kwano ɗaya ake zuba wa mai leshi da mai atamfa ba. Haka ne. Sabon abin shi ne wanda ta zaɓa ta tsaya a bayansa. Waɗanda suka riga ta sun fi rubuta abin da aka kawo musu, su da aka sani ake tarairaya. Ita kuwa ta tuna da mutumin da ya tara kuɗi wata da watanni don ya kai matarsa wuri mai daraja sau ɗaya a shekara, wanda in ya bi shawarar jarida ya je, lungun masu taba za a jefa shi. Wannan mutumin ne ya sayi jaridar da kuɗinsa. Shi take yi wa aiki.

Ina da 'yar ƙorafi a kan wannan sojan gona nata, ba zan ɓoye ba. Ta yi shi da kamanni da yawa, har da shigar mahaifiyarta bayan ta rasu, kuma in kana karanta yadda take ba da labarin za ka ji tana jin daɗin wasan fiye da kima. Wulaƙancin da Molly ta sha na awa uku ne. Tana isa gida za ta cire gashin ta rataye. Matar da Molly ke kwaikwayo ba ta da abin cirewa. Duk da haka gara wanda ya ɗanɗana na awa uku ya faɗa, da wanda bai taɓa waiwayawa lungun ba.

A 1993 ɗin kuma ta ba wani gidan taliyar Japanawa taurari uku, abin da ya ɓata wa tsofaffin hannu rai, waɗanda a wurinsu girkin Faransa ne kawai girki. Kwatankwacin a ce an jera mai ɗanwaken da ta iya sana'arta a sahu ɗaya da babban otal.

A 1999 S. I. Newhouse, mai kamfanin Condé Nast da ke buga Gourmet, ya nemi ta karɓi mujallar. Ba ta taɓa shugabantar mujalla ba, kuma da farko ta ƙi. Cikin abin da ya sa ta amince har da ɗanta ƙarami, wanda kusan kullum ba ya cin abincin dare da uwarsa saboda tana can tana ci a waje a bakin aiki. Mujallar da ta tarar dattijuwa ce. Earle MacAusland ne ya kafa ta a 1941, tana da masu karatu masu amana, waɗanda ke jera fitowarta ta shekaru a kanta kamar kayan gado. Abin da ke cikinta kuwa otal-otal na Turai, teburan masu hali, da girke-girke masu kyau. Komai lafiya lau, ba mai ɓata wa kowa rai.

A 2003 mujallar ta tura marubuci David Foster Wallace bikin cin lobsta da ake yi duk shekara a jihar Maine. Lobsta wata halittar teku ce, dangin jatan lande amma babba, mai manyan ƙahonnin kamu, kuma da ranta ake jefa ta cikin tafasasshen ruwa. An zaci zai kawo labarin shagali da raha. Sai ya dawo da dogon rubutu mai tarin bayanan ƙasan shafi, yana tambayar ko halittar nan tana jin zafi, yana kwatanta yadda take kama bakin tukunya tana buga murfi, har wasu masu dafawa sukan bar ɗakin girkin sai an gama. Ya ƙare da tambayar masu karatun Gourmet kai tsaye: ku da kuke alfahari da sanin abinci, kun taɓa tunanin wannan, ko kuwa sanin abincin bai haɗa da shi ba?

Ruth ta faɗa da bakinta cewa ta tsorata. Mujallar da ke koya wa mutane dafa lobsta ce za ta buga wannan? Ta buga shi a watan Agustan 2004. Guduwar masu karatu da ake tsoro ba ta faru ba, rubutun kuma ya zama cikin waɗanda aka fi tunawa da su a tarihin mujallar.

Ni abin bai zo mini a baƙo ba. Mun tashi muna jin hadisin da ya ce in za a yi yanka a kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Muna yara in za a yanka rago ana hana a wasa wuƙar a gabansa, ana kawar da ɗan'uwansa kada ya gani. Wato tambayar abin da ya sami dabba kafin ta iso kwano tsohuwar tambaya ce, kuma wurinta ɗakin girki. Abin mamakin ma shi ne a ce mujalla ta shekara sittin tana maganar nama ba ta yi ta ba.

Amma wanda ya fi taɓa ni na tumatir ne, dalilin kuwa a bayyane yake. A watan Maris na 2009 Gourmet ta buga binciken Barry Estabrook a kan garin Immokalee na jihar Filorida, yankin da ke samar da kaso mai yawa na tumatirin da Amurkawa ke ci da hunturu. Masu tsinkar akasarinsu baƙin haure ne daga Meziko da Gwatamala da Haiti. A lokacin ana biyansu wajen senti 45 a kan bokiti mai nauyin fam 32, wato kilo goma sha huɗu da rabi, kuma mutum zai cika shi, ya saɓa a kafaɗa, ya ruga wurin mota, ya dawo ya sake, daga safe har yamma. Wannan shi ne na masu sa'a. Rubutun ya kawo labarin wasu da wani dangi ya riƙe a matsayin bayi na sosai: ana kulle su cikin akwatin babbar mota da dare, ana ɗaure wasu da sarƙa, ana dukan wanda ya ƙi fita aiki, ana rubuta musu bashin abinci da na ruwan wanka da ba zai taɓa biyuwa ba. A ƙarshen 2007 wasunsu suka fasa ta rufin motar suka tsere. A 2008 kotun tarayya ta ɗaure biyu daga cikin dangin shekara 12 kowanne.

Ba Gourmet ce ta tono wannan ba, kuma ba ita ta 'yantar da kowa ba. Ma'aikatan da kansu sun kafa ƙungiyarsu ta Coalition of Immokalee Workers tun cikin shekarun 1990, suna neman manyan masu saye su ƙara senti ɗaya tak a kan kowane fam. Sun shawo kan manyan kamfanonin gidajen abinci, Taco Bell a 2005, McDonald's a 2007, Burger King a 2008, duk kafin rubutun ya fito. Abin da mujallar ta yi shi ne ta ɗauki labarin ta ajiye shi a inda ba a saba ganinsa ba, tsakanin hoton miya da tallan agogo, a gaban mutumin da zai shiga kanti gobe ya ɗauki tumatirin. Labarin da ke shafin kasuwanci ɗan kasuwa ne ke karanta shi. Wanda ke shafin girki kuwa mai cefane ce ke karantawa, kuma kuɗin a hannunta yake.

Nan ne na rabu da editana. Cewa mata ba sa son tashin hankali a shafinsu raini ne aka naɗe da tausayi. Matar da ke auna kuɗin cefane kullum, wadda ta fi kowa sanin ranar da kwanon shinkafa ya tashi da ranar da manja ya sauka, ita ce za a ce ba za ta iya jin dalilin tashin ba? Ba wanda ya fi ta haƙƙin sani. Shafin da ke ce mata "ki zuba kaza, ki ƙara kaza" shekara da shekaru, bai taɓa gaya mata daga ina kazan ya fito ba, wa ya wahala a kansa, me aka fesa masa, ya mayar da ita hannu kawai mai juya muciya.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Mutum ya dawo a gajiye, ya buɗe mujallar abinci don ya huta da labarin duniya, sai kuma a bi shi da bayi da tukunyar lobsta? Akwai gaskiya a ciki, kuma wasu tsofaffin masu karatun Gourmet sun yi wannan kukan, sun ce an ƙwace musu mujallarsu. Sai dai irin waɗannan rubuce-rubuce ba su ne suka cika mujallar ba. Girki na nan, tafiye-tafiye na nan, hotunan da ke sa yawu tsinkewa na nan. Cikin shafuka fiye da ɗari an ba wa gaskiya 'yan kaɗan. Wanda 'yan shafukan nan suka hana shi cin abinci, to dama abincin ne ke da abin faɗa.

Akwai wani ɓangaren aikin nata da ba a cika yabawa ba saboda ba shi da armashin labari, ni kuwa a wurina shi da binciken tumatir uwarsu ɗaya. Gourmet tana da ɗakunan gwajin girki da ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai dafawa. Girki ba ya shiga mujalla sai an dafa shi an sake dafawa, wani ya karɓa ya bi rubutun kamar bai san komai ba, a ga ko zai fito. Da za su fitar da babban littafin girkin mujallar a 2004, wanda Ruth ta tace, sun tsamo girki fiye da 1,000 daga taskar shekara sittin, suka sake gwada su, domin fulawa da murhu da naman 1950 ba su ne na yau ba. Abin dariya, bayan duk wannan wahala sai aka buga sunayen girke-girken da ruwan ɗorawa mai haske wanda ido ba ya gani sosai, masu saye suka yi ta mita har aka gyara a bugu na gaba.

Me ya sa gwajin ya dame ni? Saboda na taɓa bin wani kek da na gani a waya, na bikin 'yar yayata. Ƙwai goma sha biyu, bota, fulawa, sukari, duk na auna yadda mai bidiyon ta ce. Ya taso gwanin sha'awa, ina buɗe murhu ya zauna, tsakiyarsa ta lotsa kamar an taka, ciki kuma ɗanye sharaf. Na tabbata matar nan ta iya kek. Abin da ba ta yi ba shi ne gwada abin da ta faɗa, hannunta yana yin wani abu bakinta yana faɗin wani. Iyayenmu sukan ce ido ba mudu ba ya san kima, kuma sun yi gaskiya, domin 'yar da ake koya wa tana tsaye a gefen uwar, tana ganin kimar da idonta, in ta kauce a buge mata hannu. Rubutaccen girki kuwa an yi shi ne don wadda ba ta da uwa a gefe. In ba a gwada shi ba, ƙwanta goma sha biyu aka yi caca da su. Editan da ya ƙi buga girkin da ba a gwada ba da editan da ya buga labarin masu tsinkar tumatir mutum ɗaya ne, mai ganin cewa wadda ke karantawa ta ba shi amana.

To amma amana tana da tsada, kuma nan ne labarin ya daina yi mini daɗi.

Ranar 5 ga Oktoban 2009 Condé Nast ya rufe Gourmet, tana da shekara 68, tare da wasu mujallu uku, biyu na amare ɗaya ta iyaye. Mutum wajen 180 suka rasa aiki. Kamfanin ya ɗauko masu ba da shawara na McKinsey sun duba littattafansa, aka ga ba za a riƙe mujallun abinci biyu ba, aka bar Bon Appétit wadda ta fi yawan masu saye. Ruth tana Seattle tana tallan sabon littafin girkin mujallar aka kira ta ta dawo New York.

Editana da ya ji wannan zai ce, "Kin gani ko?" A'a, ban gani ba. Masu karatu ba su gudu ba. Lokacin da aka rufe ta Gourmet tana fitar da kusan kwafi miliyan ɗaya a wata. Masu talla ne suka janye. Tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, kuma masu tallan Gourmet irin waɗanda ke fara tsuke aljihu ne: motocin alfarma, agoguna, otal-otal, jiragen ruwan shaƙatawa. Shafukan talla suka ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Mujallun Amurka kuwa an gina su ne a kan sayar wa mai karatu da araha don a tara yawa, sannan a sayar da yawan ga mai talla. Wato mutum miliyan ɗaya suna son abu, amma ba su ne masu iko da ransa ba, domin ba su ne ke ciyar da shi ba.

Ita ma ba zan wanke ta tas ba. Matar da ta fito daga gidan tarayya na 'yan adawa da jari-hujja a Berkeley ta karɓi mota da direba da kuɗin sutura daga kamfani, kuma ita ta faɗi haka, ba wani ya tona ba. An kashe kuɗi a mujallar kamar ba za su ƙare ba. Duk binciken masu tsinkar tumatirin nan da kuɗin tallan agogon da ma'aikacin gona ba zai taɓa saye ba aka yi shi. Shekara goma ta ci ladan kuturu ba ta yi masa aski yadda yake so ba, wannan jarumta ce, amma ba ta nemi wata hanyar ci ba, ranar da ya ɗauke ladansa kuwa shi ke nan. Kamfanin ma ya taimaka wurin haƙa ramin: tun 1995 ya buɗe shafin Epicurious a intanet, inda girke-girken da aka kashe dukiya wajen gwadawa suke zube kyauta. Mutane suka saba cewa girki ba abin saye ba ne.

Wannan sabon ya iso mu, ya ma fi ƙarfi. Yau duk mai waya tana da malaman girki ɗari a tafin hannunta, wasunsu gwanaye ne na gaske, ina kallonsu ina ƙaruwa. Amma ku lura da abin da ke ajiye a gefen tukunyar, fuskarsa tana kallon kyamara. Wadda kamfanin sinadarin ɗanɗano ko na tumatirin leda ke ɗaukar nauyinta ba za ta ce a rage shi ba, ba za ta hau mota ta je ta ga abin da ake fesa wa kayan miya kwana nawa kafin a tsinke su ba, ba za ta bi kwandon da ya tashi daga Kadawa ta ga nawa ne ya ruɓe kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas ba. Ba na zarginta, ita ma ci take nema. Mu ne ba mu taɓa yarda mu biya ko kuɗin kati ɗaya don wani ya yi mana wannan aikin ba, sannan mu zauna muna mamakin yadda duk shawarar girki take ƙarewa da sunan kamfani.

A Nuwamban 2010, wata goma sha uku bayan mutuwar mujallar, ƙungiyar manoman tumatir ta Filorida ta sa hannu a yarjejeniya da ma'aikatan Immokalee. Aka shigo da ƙarin sentin nan, da inuwa a gona, da na'urar ƙirga awannin aiki, da hanyar kai ƙara ba tare da tsoron kora ba. Gourmet ba ta nan balle ta ba da labarin.

Ruth kuwa ta koma gidanta da ke ƙauye a arewacin New York, tana da shekara 61, ba ofis ba ma'aikata, ta shekara tana girki don ta samu abin riƙe zuciyarta. Daga nan littafinta na 2015 ya fito, mai girki 136, waɗanda ta dafa a murhun gidanta. Amma kafin ta samu wannan hutun sai da ta ƙarasa yawon tallan da aka katse mata, don mawallafa sun riga sun buga littafin girkin mujallar sun tara. Ta bi gari-gari tana zama a kantunan littattafai, mutane suna layi, wasu suna hawaye, tana sa musu hannu. A bangon littafin akwai 'yar takarda da aka manna, mai yi wa duk wanda ya saya alkawarin za a riƙa aiko masa da Gourmet kyauta har shekara guda.